Tiyo a Baki: Nasiha ga Samarinmu Masu Mu'amala da Fetur

Ƙannena samarin Toranke, da na Ajingi da Gaya da ƙauyukan da ke kewaye, maganar fetur zan yi muku. Tsadarsa kun fi ni sani, don haka ba nan na dosa ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da yake yi wa jikin mai mu'amala da shi kullum: ɗan bumburutu da kwalabensa a bakin titi, da yaron gareji mai wanke kabireta, da ɗan acaɓa, da mai injin ban ruwa a fadama, da mai tayar da janareta a shagon cajin waya. A ƙauyukanmu, inda gidan mai ke da nisa, ɗan bumburutu shi ne gidan mai. Ba don shi ba, da babura da yawa sun kwana a hanya, da wata mai naƙuda ba ta kai asibiti a kan lokaci ba. Neman na kai kuke yi, kuma ya fi zaman banza nesa ba kusa ba, saboda haka ba zan ce ku bari ba. Amma a cikin man nan akwai sinadari mai haddasa sankarar jini, kuma yawancin ƙofofin da yake bi ya shiga jikinku da kuɗi kaɗan ake rufe su, wasu ma ba sa buƙatar ko sisi.

Ku dubi yadda ake juye mai a wajenmu. Jarka na kan benci, galan na ƙasa. Yaro ya zura tiyo, ya kafa baki a ɗaya gefen, ya zuƙa. In ya yi sa'a ya zare baki kafin man ya iso. In bai yi ba, ya cika masa baki, ya tofar, ya goge leɓe da wuyan riga, idanu sun yi ja, yana tari, abokai na dariya. Sai ya koma cika kwalabe, man na kwarara a yatsunsa, yana bushewa yana barin fatar fari fat. Can anjima mai ƙosai ta iso, ya sa hannun nan ya ci. Da dare rigar da ta sha mai ita ce a jikinsa, jarkokin da suka rage kuma suna ɗakin da yake kwana don gudun ɓarayi. A yini guda man ya shiga ta baki, ya shiga ta fata, ya shiga ta numfashi. In ka yi masa magana, amsar ba ta wuce ɗaya: "Yaya, ai mun saba."

Hanci ne ke sabawa. Idan ya daɗe yana shaƙar abu sai ya daina kai rahoto, mutum ya ɗauka warin ya tafi, alhali yana nan yana shiga. Sinadarin da nake nufi sunansa benzin. Ruwa ne garau mai ɗan ƙamshi, mai saurin tashi ya bi iska, yana cikin ɗanyen mai tun daga ƙarƙashin ƙasa, yana kuma cikin fetur ɗin da kuke sayarwa. Idan aka shaƙe shi, huhu ke miƙa shi ga jini, jini ya kai shi hanta. Hanta tana ƙoƙarin sarrafa shi don jiki ya fitar, amma a wajen sarrafawar sai ta mayar da wani sashe nasa wasu sinadarai da suka fi shi dafi, su kuma su tafi su sauka a ɓargo. Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne inda jiki ke ƙera jini: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare masu yaƙar cuta, da ƙanana masu tsayar da jini idan an ji rauni. Guba ta zauna a nan tana aikinta yadda gara ke cin azara, daga waje soro lafiya lau, ciki kuwa an gama da shi. Wani ɓargonsa ya gaji ya rage ƙera jini, ya riƙa kasala, yana yawan zazzaɓi, dasashinsa na jini, yana haɓo ba dalili. Wani kuma ƙwayoyin su lalace su shiga hayayyafa ba ƙa'ida, wannan ita ce sankarar jini. Tsakanin shaƙa da bayyanar ciwo ana iya ɗaukar shekaru. Shi ya sa yaron da ya zuƙi tiyo yau ya tashi garau gobe yake ganin maganata tsoratarwa ce.

Ba kowane mai sayar da mai ne zai kamu ba, wannan gaskiya ce, kuma ba zan ɓoye muku ita don in ba ku tsoro ba. Haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan abin da ya shiga jiki da tsawon shekarun da aka yi yana shiga. To ku kun fara da wuri. Wanda ya kama tiyo yana ɗan shekara 14, kafin ya kai 35 ya yi shekara 20 da ɗoriya a cikin hucin mai, daidai lokacin da ya tara iyali, ƙanne da iyaye na kallon hannunsa.

Wannan ilmi da rayukan ma'aikata aka saye shi, kuma akasarinsu matasa ne irinku. Michael Faraday ne ya fara ware benzin a Landan a shekarar 1825, daga baya masana'antu suka rungume shi saboda yana narkar da roba da maiƙo da fenti, ga arha. A 1897 wani likita a Suwidin, Santesson, ya ba da rahoton 'yan mata masu aiki a masana'antar tayar keke da jininsu ya ƙafe, huɗu suka rasu. A 1928 likitoci biyu a Faransa suka fara danganta shi da sankarar jini a jikin wani ma'aikaci. Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na masu haɗa takalma a Istanbul ta Turkiyya, don shagunansu ba su da maraba da na dukawanmu da masu takalman Kano: ɗaki ƙarami, ba taga, mutum biyar ko shida na zaune, gwangwanin gam a buɗe a tsakiya. An kawo musu gam mai benzin saboda ya fi arha. Wani likitan jini, Muzaffer Aksoy, ya lura marasa lafiyar da ke zuwa masa da yawansu sana'arsu ɗaya. Bai tsaya a asibiti ba, ya bi su shago shago, ya auna iskar da suke shaƙa. Tsakanin 1967 da 1973 ya ƙirga mutum 26 da sankarar jini ko mafarinta a cikin masu takalma kimanin 28,500. Da aka cire benzin daga gam ɗin, adadin masu kamuwa ya sauka. Ku riƙe wannan ƙarshen labarin: sana'ar ba ta mutu ba, takalma ba su daina fita ba, abin da ya shiga huhu ne kawai aka canza.

Su kansu masu harkar mai sun daɗe da sani. Tun 1948 ƙungiyar kamfanonin man fetur ta Amurka ta rubuta a wani rahotonta cewa babu wani adadin benzin da za a ce ba shi da haɗari sam, sai dai babu shi gaba ɗaya. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta daɗe da sa benzin a rukuni na ɗaya, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam, inda taba sigari take. A watan Maris na 2025 ta sa fetur ɗin mota shi kansa a wannan rukuni, saboda sankarar mafitsara da ta jini, kuma hujjar ta fito ne mafi yawa daga ma'aikatan gidajen mai da masu jigilarsa. Waɗannan mutane ne masu zuba mai da famfo. Ku yi tunanin mai zuƙa da baki.

A Turai tun shekarar 2000 doka ta hana benzin ya wuce kashi 1 cikin 100 na fetur. Mu a nan ba mu da tabbacin da za mu jingina da shi. A wani rahoto na 2016 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta ce ta ɗebi mai daga gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Benin da Gana da Mali, ta gwada, ta tarar da sinadarai masu cutarwa, har da benzin, a adadin da ba za a yarda a sayar a Turai ba. Ga kuma Nisisioken Ogale a ƙaramar hukumar Eleme ta jihar Ribas, inda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano mutane na shan ruwan rijiya mai benzin sama da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Mai sayar da kwalba a Toranke ba shi da ɗakin gwaji, bai san daga wace matata man jarkarsa ya fito ba, bai san hannu nawa ya bi ba. Abin da ya rage masa shi ne ya ɗauki kowace jarka a matsayin mai dafi.

Tiyo a baki shi ne farkon abin da nake roƙonku ku bari, yau ba gobe ba. Akwai ƙaramin famfon roba na matsawa da hannu, ana samunsa a wajen masu kayan babur da na mota, ga kuma mazurari. In babu ko ɗaya, a nutsa tiyon gaba ɗaya cikin jarka ya cika, a toshe bakinsa da yatsa mai safa, a sauke cikin galan, man zai bi da kansa. Haɗarin zuƙa ma bai tsaya ga na shekaru ba. Fetur kaɗan in ya sarƙe mutum ya faɗa huhu yana ƙona shi daga ciki, kuma tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi suna iya jinkiri sai bayan wasu sa'o'i.

A nan zan tsaya a kan maganar madara, don ta yi kaka-gida a zukatan masu sana'a. Mai fenti, da mai walda, da ɗan bumburutu, kowa ya yarda gwangwanin madara da yamma yana wanke abin da aka shaƙa. Wasu manja suke sha. Madara abinci ce mai kyau, wanda ya samu ya sha, amma ciki take tafiya, benzin kuwa ta huhu ya riga ya shiga jini tun da hantsi. Ba sa ma haɗuwa a hanya. Illar wannan imani ita ce yana ba mutum kwanciyar hankalin ƙarya, ya ƙara sakaci don yana ganin yana da makari a aljihu. Ya fi muni idan yaro ƙarami ya sha fetur ko kananzir da aka zuba a robar lemo, abin da ke faruwa a gidajenmu ba sau ɗaya ba. Sai uwa ta rikice, a ɗura masa manja, a zura masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada ku bari a yi haka a gabanku. Aman ne ke dawo da man ya faɗa huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke masa baki da jiki, a fitar da shi iska, a kai shi asibiti ko da ya yi kamar ya warware. In a ido ya fantsama, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15. Kuma tun farko kada a zuba mai a robar abin sha a ajiye inda hannun yaro zai kai.

Sai wurin aiki. Ku juye mai a fili ko ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, iska na bugun bayanku tana tafiya da hucin, kada ku yi a cikin shago. Ku rufe kwalabe da jarkoki, ku sa su a inuwa, musamman da bazara, don zafi na ƙara tashin tururin. Abin da ya tashi ma asara ce daga ribarku. Takunkumin yadi irin na zamanin korona ƙura yake tarewa, hucin fetur ratsa shi yake yi, sai irin mai gwangwanin gawayi a gefe, wanda masu fentin mota ya kamata su nema. Safar hannu ma akwai bambanci: farar nan ta asibiti mai laushi fetur na cinye ta, a nemi mai kauri ta aikin sinadarai.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ƙasa yake kwanciya, daidai inda kuke shimfiɗa tabarma. Wanda ya kwana da jarka a ɗaki ya rufe ƙofa ya yi aikin dare na shaƙa bayan na rana, in da ƙanne ko mata da jariri a ɗakin su ma sun samu rabonsu. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, na san jarka ta zama dukiya, ba a barin ta a waje. To a yi mata ɗan ɗaki nata daban mai kwaɗo da kafar iska, nesa da madafa da wurin kwana, ko 'yan sana'a su haɗa kuɗi su yi guda. Maganar wuta ba sai na tsawaita ba. Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa ba nisa gare ta da mu ba, kuma kun ji abin da ya faru daren 15 ga Oktoba 2024, lokacin da tanka ta faɗi mutane suka taru kwasar mai, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ku kuma na gareji, taku ta fi yawa. An gama gyara, hannu ya yi baƙi ƙirin har gwiwa, sai a tsiyayi fetur a murfin galan a murza, nan take ya fita. Yana fita ne saboda fetur na narkar da maiƙo, har da maiƙon fatarku da ke kare ta, shi ya sa hannun bakanike yake tsattsagewa, ta tsagar kuma guba ta ƙara samun hanya. Ku shafa ɗan man gyaɗa, ku murza da dusa ko yashi mai laushi, sannan ku bi da sabulu. Ya fi ɗaukar lokaci, amma yana fitarwa. Baƙin mai da ake juyewa daga inji shi ma yana ɗauke da sinadaran ƙonewa masu jawo sankarar fata. Tun 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya gano masu share bututun hayaƙi tun suna yara suna kamuwa da sankarar fatar maraina saboda baƙin hayaƙin da ke manne musu, daga baya aka ga irinta a masaƙun auduga na Ingila inda man inji ke jiƙa wandunan ma'aikata. Saboda haka tsumman nan mai mai da kuke cusawa a aljihun wando daga safe har magariba, ku fitar da shi. Ku ware kayan aiki daban, ku tuɓe su kafin ku shiga gida, kada a haɗa su da kayan yara a wanki. Zuba fetur ko man birki a kan rauni kuwa, da shafa wa dabba baƙin mai don ƙazuwa, da mayar da jarkar mai ta ɗebo ruwan sha ko zuba man gyaɗa, duk a daina. Roba tana shan mai, wanki ba ya fitar da shi duka.

Akwai abin da ba na son faɗa amma dole ne. Wasu cikin sa'anninku da gangan suke shaƙar fetur da sholisho don su bugu. Sinadaran da ke cikin sholisho dangin benzin ne, suna lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, suna iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Hayaƙin taba shi ma yana ɗauke da benzin, har ga mai shan ta shi ne babbar hanyar da yake samunsa. Mai sayar da mai da ke busa sigari ya tara wa ɓargonsa kaya biyu, ban da ashanar da yake ƙyastawa kusa da jarka. Idan abokinka ya faɗa wannan hali, kada ka yi masa dariya kuma kada ka guje shi, ka nemi babban da yake jin nauyinsa.

Na san wani zai ce komai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko bai taɓa ganin fetur ba zai tafi. Haka ne. Amma ku tambayi kowane malami a garin nan, zai gaya muku riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma jiki amana ne da za a tambaye ku a kansa. Na kuma san da yawanku yaran wani ne, ba ku da ta cewa a kan yadda ake aiki. Ba rashin kunya ba ne ka sami maigidanka a keɓe, ka rusuna ka ce, "Maigida, don Allah a saya mana famfo da safar hannu, ko a cire a kuɗin sallamata." Yawancin iyayen gida ba mugunta ce ke hana su ba, su ma haka aka koya musu, da bakinsu suka zuƙa. Ku da kuka fara girma har aka ba ku yara, nauyin ya dawo kanku. Kada ƙaramin yaro ya zama shi ake tura wa tiyo da wankin kabireta don shi ne ba ya iya musu. Jikinsa na kan girma, kuma shekarun da zai yi a cikin hucin sun fi na kowa yawa.

Duk wanda ya yi shekaru a wannan sana'a, ya riƙa zuwa gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini ko sau ɗaya a shekara, wanda ma'aikatan asibiti ke kira FBC. Ya tambaya a babban asibitin Gaya ko na Wudil, in an ga abin da ba a gane ba za a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da sashen cututtukan jini. Amfanin gwajin shi ne, idan ƙwayoyin sun fara raguwa aka gano da wuri, mutum ya nisanci man, sau da yawa ɓargo yana farfaɗowa. Abin da ke cutar mu shi ne alamomin suna kama da na zazzaɓin cizon sauro da taifot, sai mutum ya yi wata da watanni yana zarya kemis, ana ba shi allura da ƙarin ruwa da maganin ƙarin jini. Idan zazzaɓi ya ƙi jin magani, ko tafin hannu da cikin ido suka yi fari, ko dasashi na jini, ko tabon taruwar jini na fitowa a fata ba tare da an buge ba, a wuce kemis a tafi asibiti. In kun shiga wurin likita, kada ku jira ya tambaye ku sana'arku, don layi na da tsawo, ba lallai ya tambaya ba. Ku gaya masa da bakinku: fetur nake sayarwa, shekara kaza, ina zuƙa da tiyo, ina wanke hannu da shi. Takardar sakamakon kuma ku adana ta a leda, ku zo da ita shekara mai zuwa, don likita ya gwada ta bana da ta bara ya ga ko adadin na sauka.